RUWA DA KUZARI A TAFIYAR ƘASA DA HAWAN DUTSE

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana dangantakar da ke tsakanin ruwan sha da ƙarfin jikin mai doguwar tafiyar ƙasa, musamman tafiyar da ta haɗa da hawan dutse. Batun ya shafi ɗaliban da akan kai duwatsun Shere, kusa da Jos, domin horon jimiri da shugabanci. Ya shafi ɗaliban labarin ƙasa da na ilmin duwatsu masu fita aikin fili. Har ila yau ya shafi ma'aikatan safiyo da na gandun daji da na allurar rigakafi, waɗanda sau da yawa mota takan ajiye su inda hanya ta ƙare, su ƙarasa da ƙafa. Akwai kuma masu hawa don nishaɗi, tun daga Kufena a Zariya har zuwa Chappal Waddi a Jihar Taraba, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419.

Yawancin waɗannan mutane sun saba da zaman aji ko na ofis. Idan ɗayansu ya gaza a hanya, akan ce rago ne, ko kuwa bai ci abinci ba. Amma sau da yawa ruwan jikinsa ne ya ragu tun kafin abincin cikinsa ya ƙare. Abin da za a nuna a nan shi ne, ruwa da gishiri da abinci lissafi ɗaya ne ga matafiyi, kuma tun a gida ake yin wannan lissafi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

1. Dalilin Gumi

Kimanin kashi 60 cikin ɗari na nauyin baligi ruwa ne. Watau mutum mai kilo 70 yana ɗauke da ruwa wajen lita 42, a cikin tsoka da jini da sauran sassan jiki. Jinin kansa bai wuce lita 5 ba.

Tsoka takan ƙona abinci domin ta yi aiki, amma ba ta da tsimi. Daga cikin ƙarfin da ta ƙona, kashi ɗaya cikin huɗu ko ƙasa da haka ne ke zama motsi. Saura duk zafi ne. Alal misali, mutum mai kilo 70 da ke hawan tudu da jaka a bayansa yakan ƙona kalori wajen 400 a awa guda, kuma 300 daga ciki zafi ne da ke taruwa a jikinsa. Kalori 58 kuwa sun isa su ɗaga zafin jikin irin wannan mutum da digiri ɗaya. Ke nan da babu hanyar fitar da zafin, da cikin awa guda jikinsa ya tashi daga digiri 37, inda ya saba, zuwa kusan 42, inda rai ke cikin haɗari.

Babbar hanyar fitar da wannan zafi ita ce gumi. Duk wanda ya san randa ya san yadda abin yake: ruwa yana tsatsafowa ta jikin randa, iska tana busar da shi, na ciki yana yin sanyi. Haka fatar mutum take. Lita ɗaya ta gumi, in ta bushe a kan fata, takan tafi da zafi na kalori wajen 580. Amma fa sai ta bushe. Gumin da ya ɗiga ƙasa, ko aka share shi da hankici, an yi asarar ruwansa ba tare da an sami sanyinsa ba.

Saboda haka kowane lokaci na shekara yana da irin nasa haɗarin. Da bazara, sa'ad da zafin Sakkwato ko na Maiduguri kan haura digiri 40, iska ta fi fata zafi, ita ma ƙara wa jiki zafi take yi, gumi kaɗai ke aikin sanyaya shi. Da damina iska tana cike da laima, gumi ba ya bushewa da sauri, sai mutum ya jiƙe sharkaf amma bai huce ba. Da hunturu kuwa gumi yakan bushe nan take, matafiyi ya ga rigarsa a bushe, ya zaci ba ya asarar komai, alhali ruwa yana fita ta fata da ta numfashi. Gwargwadon zafi da nauyin kaya da tsayin tudu, mai tafiya yakan yi gumi daga rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kowace awa.

2. Idan Ruwa Ya Yi Kaɗan

Daga jini ake ɗebo ruwan gumi. In an yi ta ɗiba ba a mayarwa, sai jini ya ragu, ya yi kauri. Ga shi kuwa ana bukatarsa a wuri biyu a lokaci guda: tsoka tana son ya kawo mata iska da abinci, fata tana son ya kawo mata zafi ta fitar. Zuciya sai ta ƙara saurin bugu domin ta biya wa kowa bukata da ɗan abin da ya rage. Wannan shi ne asalin gajiyar da kan sauko wa matafiyi ba zato.

Da zarar mutum ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa, watau kilo 1.4 ga mai kilo 70, ƙarfinsa a cikin zafi yakan fara raguwa a fili. In asarar ta kai kashi 4 ko 5, sai ciwon kai da jiri da saurin fushi su biyo baya, tunani ya dushe, ƙafa ta riƙa tuntuɓe a kan dutse. In ta haura kashi 10, magana ta zama ta ceton rai.

Da yawa daga abin da aka sani a wannan fage ya samo asali ne daga binciken Edward Adolph na Jami'ar Rochester, wanda ya auna sojojin Amurka a hamadar Kalifoniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya buga sakamakon a 1947. Ya nuna cewa mai aiki a rana ba ya shan daidai abin da ya zubar, ko da ruwa na gabansa. Sai ya zauna cin abinci yake cike giɓin. Ya kuma nuna cewa ba a iya horar da jiki ya rage bukatar ruwa. Abin da sabo da zafi ke yi, cikin mako ɗaya zuwa biyu, shi ne ya sa gumi ya fara da wuri, ya ƙara yawa, gishirin cikinsa ya ragu. Watau wanda ya saba da rana ya fi jure zafi, amma ruwan da yake bukata bai ragu ba. Don haka shugaban ayarin da ke hana ɗalibai shan ruwa wai domin su koyi jimiri, cutar da su kawai yake yi.

Ƙarshen wannan hanya ba ɓoyayye ba ne. A watan Oktoba na 2013 an sami gawawwakin mutum 92, yawancinsu mata da yara, a hamadar arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace sun shiga neman ruwa da ƙafa. A aikin Hajjin 2024, sa'ad da zafin Makka ya kai digiri 51.8, hukumomin Saudiyya sun bayyana rasuwar alhazai 1,301, suka ce mafi yawansu sun yi doguwar tafiyar ƙasa a rana ba tare da mafaka ba.

3. Idan Ruwa Ya Yi Yawa

Mai jin bayanin da ya gabata zai iya cewa, to, magani shi ne a yi ta ɗirkar ruwa. A nan ma akwai rami. Gumi ba ruwa zalla ba ne. Kowace lita tana fita da gishiri wajen giram 2 zuwa 3, ko da yake mutane sun bambanta ƙwarai. Farin da akan gani a riga ko a hula bayan tafiya, wannan gishirin ne. Ƙoda kuma ba ta iya fitar da ruwan da ya wuce lita ɗaya a awa, kuma lokacin wahala takan ƙara riƙe ruwa. In mutum ya yi awoyi yana shan ruwa fiye da yadda yake zubarwa, ba ya cin komai, sai sinadarin sodiyam na jininsa ya yi ƙasa da awonsa na lafiya, wanda ke tsakanin 135 da 145 a ma'aunin asibiti. Ruwan da ya yi yawa sai ya shige cikin ƙwayoyin jiki su kumbura. Ƙwaƙwalwa kuwa tana cikin ƙoƙon kai, ba ta da wurin kumburi.

Tim Noakes da abokan aikinsa sun bayyana wannan larura a 1985 a tsakanin masu tseren dogon zango na Afirka ta Kudu. A tseren Boston na 2002 an gwada jinin 'yan tsere 488, aka tarar kashi 13 cikin ɗari suna da ita. An kuma sha ganinta a wurin masu tafiyar ƙasa a kwazazzabon Grand Canyon na Amurka, waɗanda gargaɗin ƙishirwa ya tsorata har suka wuce gona da iri.

Abin da ya sa larurar ke da ruɗarwa shi ne alamunta na farko sun yi kama da na ƙarancin ruwa: ciwon kai, tashin zuciya, kasala. Abokan tafiya sai su ƙara ɗura wa mutum ruwa, su ƙara masa ciwo. Ana bambance su da tambaya da lura. Wanda ruwa ya yi wa kaɗan yana jin ƙishirwa, bakinsa a bushe, fitsarinsa kaɗan ne kuma ja. Wanda ruwa ya yi wa yawa kuwa ya sha da yawa, cikinsa a cike, zobe ko agogo ya matse shi, sau da yawa ba ya jin ƙishirwa. Saboda haka taron masanan wannan larura na 2015 ya ba da shawarar a bi ƙishirwa wajen sha. Ma'anar wannan ita ce a sha da zarar an ji ta, kada a danne ta, kada kuma a yi ta sha bayan ta kwanta.

4. Guzuri

Jiki yana da rumbu biyu. Na farko kitse ne, mai yawa, amma a hankali yake ƙonewa. Na biyu ajiyar sukari ce, wajen giram 100 a hanta da giram 400 a tsoka, watau kalori 2,000 ko kusa da haka. Tafiya a fili cikin natsuwa tana cin kitse da yawa, amma hawan tudu ajiyar sukari yake ci. In ta yi ƙasa, sai ƙafa ta yi nauyi, hannu ya kama rawa, idanu su riƙa ganin duhu-duhu. Ruwa ba ya maganin wannan, kamar yadda abinci ba ya maganin ƙishirwa.

Duk da haka su biyun a ɗaure suke. A 1960 Robert Crane ya bayyana cewa hanji yana shigar da sukari da sodiyam ta ƙofa ɗaya, ruwa kuma yana biye da su. A kan wannan ilmi aka gina ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa, wanda likita Dilip Mahalanabis ya ceci ɗimbin masu kwalara da shi a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya a 1971. Haɗinsa na gida shi ne lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Yana da amfani ga matafiyin da ya galabaita. Amma fa awo ne: gishiri in ya zarce yakan jawo amai da ƙarin ƙishirwa. Lemon kwalba kuwa sukarinsa ya kai kashi 10 cikin ɗari, gishirinsa kaɗan, yakan daɗe a ciki. In shi ke hannu, gara a sirka shi da ruwa.

Ga mai tafiyar yini guda, abinci ya wadatar wajen mayar da gishiri. Ya karya kumallo sosai kafin ya tashi, da koko da ƙosai, ko ɗumame, ko burodi da shayi. A hanya ya riƙa taɓa wani abu kowace awa, kada ya jira yunwa: ƙananan dabino shida ko bakwai suna ba da sukari wajen giram 30, gyaɗa mai gishiri giram 100 tana ba da kalori fiye da 550. Ƙuli-ƙuli da dakuwa da kilishi ba su da nauyi, ba su lalacewa da wuri, sai dai suna neman ruwa. Shayi ko goro daidai misali ba su busar da jiki ga wanda ya saba da su. Giya kuwa tana ƙara fitsari, tana kuma dusashe hankalin da ake bukata a kan dutse.

5. Darasin Fatake

Tun kafin a san kalori, fataken ƙasar Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro sun tsara tafiyarsu a kan ruwa. Madugu ya san rijiyoyi da rafukan hanya, kuma zango yana inda ruwa yake. Galibi sukan yi sammako, su ci tafiya da sanyin safiya, su sauka kafin rana ta gama gasa su. Guzurinsu na gero ne, gumba da fura, waɗanda akan dama a sha, watau ruwa da abinci a ƙwarya ɗaya. Haka ayarin gishiri na Buzaye da ke ratsa hamadar Tenere daga Azbin zuwa Fachi da Bilma: sai zafi ya karye suke tashi, suna ƙidaya kwanakin da ke tsakanin rijiya da rijiya, suna auna salkuna da wannan ƙidaya. Salka kanta, kamar randa, tana tsatsafo domin ta sanyaya abin da ke cikinta.

Binciken Adolph ya tabbatar da abin da madugai suka sani: mutumin da ruwansa ya yi kaɗan a hamada ya fi cin nisa in ya fake a inuwa da rana, ya yi tafiya da dare. Gumi ake yi wa tsimi. Ruwan da ke gora kuwa a sha shi in ana jin ƙishirwa, domin da ruwan ciki akan ja na rijiya.

6. Yadda Ake Lissafin

Matakin farko shi ne a san awoyin tafiya. William Naismith, wani mahayin duwatsu na ƙasar Sikotilan, ya ba da ƙa'ida mai sauƙi a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Ke nan tafiyar kilomita 15 mai hawan mita 600 za ta ci awa 4. In aka ƙara hutu, aka kuma yi la'akari da cewa mai raunin cikin ayari shi ke yanke sauri, sai a ce awa 5.

Mataki na biyu shi ne a ware rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita ga kowace awa, gwargwadon zafi. Awa 5 ke nan lita 3 ko fiye kaɗan, a ƙara lita ɗaya ta ko-ta-kwana saboda ɓatan hanya ko targaɗe. Lita 4 daidai take da ledar fiya-wata takwas, nauyinta kuma kilo 4. Wannan nauyi shi ke sa mutane su rage ruwa, alhali wasu kayan ya kamata a rage. In lissafi ya nuna ruwan da ake bukata ya fi ƙarfin ɗauka, kuma babu tabbataccen ruwa a hanya, to tafiyar ce za a gajarta, ko a sauya mata lokaci.

Mataki na uku shi ne ƙa'idar juyowa: in rabin ruwa ya ƙare ba a kai rabin hanya ba, a koma, ko da ƙololuwar dutsen tana gaban ido.

Wanda ke yawan fita zai iya sanin awon jikinsa. Ya hau sikeli kafin tafiya da bayanta; kowane kilo da ya ragu lita ɗaya ce da bai mayar ba. In ya ga nauyinsa ya ƙaru, ya sha fiye da kima. Launin fitsari ma ma'auni ne: ruwan ɗorawa mai haske shi ake so. Sa'an nan a sha rabin lita awa biyu kafin tashi, a sa tufafi masu haske da sakewa, da malafa ko hula mai baki. A kan tsauni iska takan yi sanyi da digiri 6 da rabi ga kowace mita 1,000, sanyin kuma yana kwantar da ƙishirwa, saboda haka mai hawa a Jos ko Mambila ya riƙa lura da fitsarinsa.

7. Ruwan Hanya

Ba duk ruwa mai haske ne mai tsabta ba. Rafin da ya ratso ta ƙauye ko mashayar dabbobi yana iya ɗaukar ƙwayoyin kwalara da taifot da atuni, gudawa kuwa tana zubar da ruwa fiye da gumi. Kurkunu, wanda ya kama mutum fiye da 650,000 a Nijeriya a ƙidayar 1988, an tabbatar da kawar da shi daga ƙasar a 2013, amma sauran cututtukan suna nan. Alam da 'ya'yan zogale suna kwantar da laka, tacewa da ƙyalle tana cire datti, amma ba su isa su kashe ƙwayoyin cuta ba. Tafasawa ita ce mafi tabbas: minti ɗaya yana ɓararraka, ko minti uku a wurin da ya haura mita 2,000. In babu wuta, a tace, a sa ƙwayar kulorin, a jira rabin awa. A kuma guji wanka a kududdufi saboda tsargiya.

8. Alamun Haɗari

Wanda ya galabaita da zafi yana gumi, yana jiri, tsokarsa tana ɗaurewa, amma yana cikin hankalinsa. A kai shi inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufafi, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Tafiyarsa ta wannan rana ta ƙare.

In kuwa jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko tangaɗi, ko ya suma, to zafin cikinsa ya kai digiri 40 ko ya wuce, ko da yana gumi. A nan sanyayawa ita ce gaba da komai: a tsoma shi a ruwa in akwai, ana tallafe da kansa, ko a yi ta kwara masa ana fifita, sa'an nan a garzaya asibiti. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai a baki. Wanda ya ruɗe bayan shan ruwa mai yawa, jikinsa ba zafi, a dakatar da ba shi ruwa, shi ma a kai shi asibiti.

Wajibi ne shugaban ayari ya san masu larura tun kafin a tashi. Mai sikila, ƙarancin ruwa da tsawon dutse suna iya tayar masa da ciwo. Mai ciwon sukari da mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari su nemi shawarar likita. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen suna wahalar da ƙoda in jiki ya bushe. Doguwar tafiyar horo da rana a watan azumi kuwa abu ne da masu tsara jadawali za su iya kauce masa cikin sauƙi.

Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa tafiya tana haifar da zafi, gumi ke fitar da zafin, jini kuma ke biyan kuɗin gumin. Ƙarancin ruwa yana karya ƙarfi, yawansa ba tare da gishiri ba yana kumbura ƙwaƙwalwa, abinci kuma shi ke riƙe tsakani. Nauyin da ke kan malami ko jami'in da zai fita da jama'a shi ne ya ƙidaya awoyi, ya auna litoci da guzuri a kan kowane mutum, ya san inda ruwa yake a hanya da yadda za a tsabtace shi, ya tashi da asuba, ya kuma sanar da ayarinsa tun a gindin dutse wurin da za a juyo in ruwa ya kai rabi.